Injiniya da Shagon Tsallaken Titi

Shekara ashirin Injiniya yana gyaran kwamfuta a shagonsa na ƙarƙashin bene. Sai ƙaninsa, wanda shi ya koya wa riƙe sukundireba, ya buɗe nasa a tsallaken titi, mutane suka fara cewa kwamfutar ƙanin gudu take kamar walƙiya.

Maganar ta tsaya wa Injiniya a rai. Ya shiga saitin tasa, ya ƙara wa ƙwaƙwalwarta, wato furosesa da memori, gudu fiye da yadda kamfani ya tsara. Kwana biyu ta fara zafi, tana mutuwa ana tsakiyar aiki. Ya canja fanka, ya hure ƙura, ya zagi masu wuta, amma ya ƙi rage gudun, don a wurinsa faɗuwa ce.

Da matarsa ta gaji da tsaki, ta faki idonsa ta tsallaka da kwamfutar shagon ƙanin. Minti biyar ƙanin ya mayar da saitin yadda yake.

"Ki ce wa Yaya shi ne ya hana ni wahalar da inji tun ina koyo," in ji shi.

Kwamfutar ta warke sarai. Injiniya dai har yau bai yafe ba.