Baba Kunne, Mai Sauraron Ƙasa

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba Kunne ya riga ya cinye rabin unguwa da ƙafa. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: sandar ƙarfe da ta kai masa ƙirji, da ɗan katako a kanta kamar murfin kwano, sai alli a aljihu. Yakan dasa tsinin sandar a kan kwalta, ya kara kunne a katakon, ya lumshe ido. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka tsohon ya samu taɓin hankali. Ma'aikacin hukumar ruwa ne, aikinsa neman inda bututu ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa, kuma ya shekara talatin da huɗu yana yinsa. In ya ji, sai ya zana da'ira da alli, masu haƙa su zo. Su da bakinsu sun ce da wuya su sara a banza.

Mu da muke tsallaka birnin nan a mota samansa kawai muka sani. Shi kuwa ya san cikinsa. Shi ya gano rijiya mai matakala goma sha ɗaya a ƙarƙashin shagon wani tela, telan ya shekara ashirin yana taka keke a kanta bai sani ba. Shi ya nuna wa mutane wata bishiya da ta tsiro a saman bene mai hawa uku, saiwarta ta bi bututun ruwan sama har ƙasa tana sha. A bayan wata tsohuwar sinima ya ɗaga murfin ƙarfe ya tarar da ƙananan kifaye, farare fat, suna yawo a tankin da kowa ya manta da shi. Da ya ba da labari a ofis aka yi masa dariya, washegari ya kawo biyu a kwalba ya ajiye a teburin oga.

Matarsa ce kaɗai abin bai burge ba. "Malam, kana jin ruwa a ƙarƙashin kwalta," in ji ta, "amma in na ce ka biyo da sabulu, kunnen ya toshe."

Saura mako uku ya yi ritaya abin da ya sa ake wannan rubutu ya faru. Yana wucewa ta bayan wata makarantar firamare, ya dasa sandarsa a gindin katanga don sabo kawai. Abin da ya ji ya tsayar da shi cak. Ba shi ne siririn kukan bututu da ya saba ji ba. Ruwa ne ke zuba a cikin rami, ramin kuma yana amsawa kamar an buɗe famfo a cikin babbar randa. Ya bi sautin taku bayan taku, har ya kai shi ƙofar ajin ƙarshe, inda yara arba'in da biyu ke ta rera lissafi.

"Baiwar Allah, ki fitar da yaran nan," ya ce wa shugabar makarantar. "Ruwa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Daɓen nan a kan iska yake zaune."

Ta dube shi, ta dubi sandar. "Baba, jarrabawa za su fara jibi. Ko tsaga babu a daɓen. Me zan ce wa iyayensu?"

"Ki ce ni na ce. In ƙarya na yi, a rubuta a takardata."

Har yau tana cewa ba ta san abin da ya sa ta yarda ba. Ta kwashe yaran zuwa wata rumfar kwano a tsakar makaranta, ta sa wa ajin kwaɗo.

Hukuma ta turo injiniya da na'ura da taswira. Taswirar ta ce babu bututu a wurin, na'urar kuma ta kama ƙarar motoci ta rikice. Kwana ɗaya ya wuce, biyu, uku, daɓe yana nan lafiya lau. Yara na rubuta jarrabawa a kan cinya, gumi na ɗiga a takarda. Iyaye suka yi ca, oga ya kira Baba Kunne ofis.

"Baba, saura kwana nawa ka tafi da mutuncinka? Kunne ma tsufa yake yi. Ka ce kuskure ne, a buɗe aji, magana ta mutu."

Maganar ta soke shi, don ya san kunnensa na hagu ya fara nauyi, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya koma makarantar, ya kara na dama, ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ce ba. A kore ni, amma kada a buɗe."

A rana ta biyar, ƙarfe goma da rabi na safe, aka ji rugugi. Da shugabar ta buɗe kwaɗon, rabin ajin babu shi. Bencina sun tuntsura cikin rami mai zurfin mutum biyu, ruwa na kwarara daga wani tsohon bututu da ba ya cikin takardar kowa. Mai gadin makarantar ya ce da tsohon ya iso, bakin ramin ya nufa. Leƙawa ya yi, ya ƙirga bencinan da ke ƙasa, ya zauna dirshan yana hawaye.

Baba, kai ne ka tsaya a kan abin da ka ji ranar da takarda da na'ura da manya duk suka ce ba ka ji ba. Kai ne kunnen birni. Ba a sa hotonka a ko'ina ba, yawancin iyayen ma ba za su gane ka a hanya ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma da kuke riƙe da ƙaramin aikin da ba mai kallo, ku riƙe shi kamar yadda ya riƙe sandarsa, don ba ku san ran wa ke rataye a jikinsa ba.

A ranar da ajin ya rufta, yara arba'in da biyu suka koma gida cif, ba wanda ko ƙwarzane ya samu, suna ta yi wa iyayensu mitar zafin rumfa.