Shekara Shida Bayan Yaya Saratu da Majiginta

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Saratu, mai shagon buga takardu da kwamfuta a Samaru. Ni ƙaninta ne, shagona na fotokwafi na kusa da nata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne taron ƙungiyarmu ta masu shaguna da aka yi kwanan baya, wanda tun da na fito daga cikinsa yayata take cikin raina.

Wanda ya san Samaru ya san cinikinmu na ɗalibai ne. A shekarar da aka yi dogon yajin aiki a jami'a, layinmu ya zama kamar an share. Muka yi ta kiran taro, amma kullum manya uku ne ke magana, sauran mu sai gyaɗa kai. Babu mai iya cewa shagonsa na gab da rufewa a gaban maƙwabcinsa.

Ran nan Yaya Saratu ta zo taro da kwamfutarta da majigin da ta aro a cocinmu. Ta ce akwai wata manhaja da kowa zai aika shawararsa ta waya, ta fito a jikin bango ba tare da suna ba. Sharaɗinta shi ne kada a soki ko ɗaya sai kowa ya gama.

Shugabanmu, Alhaji Mudi mai kayan rubutu, ya ce, "Malama Saratu, maganar da ba ta da mai ita, wa za a riƙe da ita?"

Ta ce, "Alhaji, ku bari mu ji ta tukuna. In ta yi kyau, tamu ce duka."

Da farko shirme ya yi yawa. Wani ya rubuta a koma sayar da rake, aka yi dariya. Ba ta goge ba. Can sai wani layi ya fito: "Mu rufe rabin shagunanmu, mu haɗu biyu-biyu, haya ɗaya, janareta ɗaya." Dariya ta ɗauke, domin kowa ya taɓa wannan tunanin a ransa, kunya ce ta hana faɗa. Wani kuma ya rubuta a bi makarantun Sabon Gari da Palladan a nemi aikin buga takardun jarrabawa. Ta tara masu kama da juna wuri guda a jikin bangon, aka jefa ƙuri'a ta waya, waɗannan biyun suka yi gaba.

Ba kowa ya tsira ba. Akwai waɗanda suka tattara suka koma garuruwansu. Amma yawancinmu mun kai har ɗalibai suka dawo. An daɗe ana matsa wa Yaya Saratu ta faɗi wanda ya kawo shawarar haɗewa, ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma ko ta sani ba ta faɗa.

Yanzu abubuwa sun canja. A taron da na ambata, matsalar ita ce ɗalibai sun rage fotokwafi, komai a waya suke karantawa. Sakatarenmu ya tambayi irin manhajar nan mai ba da amsa kamar mutum, kafin ka ce me ta jero shawarwari fiye da yadda za mu iya karantawa. Wasu ma masu kyau ne ƙwarai. Aka karanto, aka gyaɗa kai, aka tashi. Ban ji muryar kowa ba sai ta sakatare.

Ina ta tunanin me Yaya Saratu za ta ce. Ba mai tsoron na'ura ba ce, na tabbata da ita za ta fara koyon abin, ta koya mana. Sai dai ina jin da ta sa an ajiye wayar sakatare tukuna, kowa ya faɗi nasa, sannan a tambayi manhajar me aka manta. Manhajar ba ta san wane mai gida ne zai yi haƙurin haya ba, ba ta kuma san su wa ba sa ga maciji a layinmu.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke yayata bayan doguwar jinya. Ba ta bar dukiya ba, shagonta ma yanzu mai sayar da takalma ne a ciki. Abin da ta bari mutane ne da suka saba a tambaye su ra'ayinsu, shi ya sa taron nan bai gamsar da kowa ba. A kan hanyar gida Alhaji Mudi, wanda yanzu sai da sanda, ya tsayar da ni ya ce, "Bulus, ka nemo mana majigi kafin taro na gaba. Ni ma akwai abin da ban iya faɗa da bakina."