Wani Yaro Na Gidanmu

Malam Edita, a shekarun da ake gina madatsar Bakolori ni matashi ne mai ji da kansa, direban tankar ruwa a kamfanin da ke aikin. Aikina shi ne in bi hanyoyin manyan motoci ina yayyafi, yara na bina a guje suna wanka a baya, ni kuwa ina jin kaina kamar hadari. Daga wata ruga kusa da Damaga na fito, kuma kakata ce ta rene ni, mace mai kunyar da ko sunan mijinta ba ta taɓa furtawa ba har ta koma ga Allah. A hannunta na koyi cewa mutumin kirki ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya san da shi. Da Allah ya ba ni ɗa namiji, sai na riƙe wannan tarbiyya da hannu biyu. Idan na dawo aiki ya taho da gudu ya riƙe ƙafata, sai in ɗaga kai ina kallon rumbu, alhali zuciyata tana can ƙasa wurinsa.

Ya fara wayo ke nan ciwo ya kama shi, ciki na kumbura, jiki na ramewa. Wata safiya aka aiko mini a bakin aiki cewa ya kasa tashi. Na kashe tanka a gefen hanya, na bar makulli a jiki, na tafi ban sallami kowa ba, don ban san da wane baki zan ce wa shugaban direbobi ɗana ne ba lafiya ba. Muka yi ta yawon magani daga Maradun zuwa Talata Mafara. Kafin in waiwayi kamfani an daɗe da ba wani motata.

A nan ne baffan matata, wanda ma'aikacin gona ne a Bakura, ya aiko cewa ana neman direban tantan, wato motar noma, a aikin noman rani. Abin da ya fi ja na ba albashin ba ne. An ce duk wanda aka ɗauka, iyalinsa na da damar ganin likita a asibitin ma'aikata, inda ake da magungunan da mu ba ma samu. Tun daga ranar na fara mafarki ido biyu. Ina ganin yaron ya warke, yana zaune kusa da ni a kan tantan, shinkafa kore shar har iyakar gani, ruwa na tafiya a magudana a hankali, balbelu na bin bayanmu, kuma babu kowa a filin balle in ji kunyar dafa kansa.

Ranar intabiyu na shiga ofis na tarar da mutum uku a bayan tebur, na ukunsu baffan nan, surukina. Na durƙusa na gaishe su har sai da shugaban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya yi dariya ya ce in bar sauran gaisuwar sai an ɗauke ni. Tambayoyin inji duk na amsa su kamar ruwa. Daga nan ya gyara tabarau ya tambaye ni dalilin da ya sa na bar aikina na baya, don an gaya musu na yar da mota a kan hanya. Na ce wata lalura ce ta taso a gida. Ya ce wace iri. Na ce rashin lafiya. Ya ce ta wa. Na saci kallon surukina, na ga ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Fanka na juyawa a sama, ta taga ina hango ruwan magudana yana ƙyalli, amsar tana nan a bakina, kalma biyu tak. Abin da ya fito shi ne, wani yaro ne na gidanmu.

Dattijon ya jira ko zan ƙara, ban ƙara ba. Ya ce gidan Bahaushe ba ya rabuwa da yara, idan duk wanda ya yi atishawa zan bar musu tantan a tsakiyar gona, to shinkafarsu ta shiga uku. Ya sallame ni da fara'a, aka ɗauki wani. Surukina shi ma kara ta hana shi sa baki, kada a ce yana jan nasa. Daga baya ya aiko matarsa ta gaya wa matata cewa da na faɗi gaskiya da an ɗauke ni, domin dattijon nan shi ma ya taɓa binne ɗa, kuma da na fita ya ce bai ga direba kamata ba, sai dai ba ya ɗaukar mai ɓoye-ɓoye.

Yaron bai ga damina ta gaba ba. Na san kwana idan ya ƙare babu likitan da ke ƙara shi, kuma ban ce katin asibiti zai hana abin da Allah ya rubuta ba. Amma ciwon da ke raina har yau shi ne, an tambaye ni shi sau ɗaya a duniya, a wurin da amsar za ta amfane shi, na mai da shi ɗan wani.

Yanzu na tsufa, ina zuwa bakin madatsar in zauna ina kallon ruwa. Wani lokaci sai in ga ofishin nan a cikinsa, tebur da fanka da mutum uku, dattijon ya sake gyara tabarau. Kunya ado ce, ban musa ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matasa masu neman aiki, idan an tambaye ku abin da ya raba ku da wurinku na baya, kuma dalilinku na gaskiya ne, ku faɗe shi a fili ko da wa ke zaune a wurin, don mai tambaya ba ya ganin zuci. Ni nakan ba ruwa amsar, in ce ɗana ne, har in faɗi sunansa, sai dai babu mai ɗaukata aiki a can.