Amarya a Bayan Kamyo

Maigidana ya daɗe yana sayen tsofaffin motoci a nan Faransa inda muke zaune, yana loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga can su kama hanya har Damagaram. Sana'a ce ta rufin asiri, ba ta taɓa barin mu da yunwa ba. Sai wata rana tsautsayi ya kai shi bajekolin motocin zamanin da a garin Lyon, ya dawo mini yana murmushi shi kaɗai, tuwo ma bai taɓa ba.

Abin da ya gani wata mota ce 'yar Amurka mai ƙofa biyu, kalar lemo, da baƙin zane daga hancinta har baya. Ta girme ni da kaɗan. Ya ce 'yan ƙalilan aka ƙera irinta, masu tara su kuwa da sun ji labarin ɗaya barci ya ƙaurace musu. Kafin in farga ya sayar da motar da muke hawa, ya haɗa da guminsa na shekaru, ya sayo ta.

Na ce, "Alhaji, mu kuma me za mu hau?"

Ya ce, "Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wannan ba ta hawa ba ce, Hajiya. Jari ce."

Sannan ya yi mini bayanin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wai darajarta duk tana cikin ɗan agogon da ke ƙirga tafiyar da ta yi. Mai ita na farko kulle ta ya yi, don haka ba ta cika mil dubu goma ba, saura ƙiris. Akwai wani likitan haƙori a Lyon da ya yi alkawarin saye da riba mai tsoka in ya dawo daga hutu, amma da sharaɗi: muddin agogon ya juya, ya fasa. Wato mun sayi motar da tayarta ba za ta juya ba.

Ya kama mata gareji a unguwar La Courneuve, ya lulluɓe ta da bargona mai kyau. Yakan je ya shafe ta, ya tada injin ta yi gurnani, ya kashe, ya dawo gida a bas.

To a wurinmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Jama'a suka yi ta zuwa Allah ya sanya alheri, kowa da buƙatarsa a baki. Wannan matarsa za a sallamo daga asibiti, wancan surukinsa zai sauka a filin jirgi. Alhaji ya yi ta ba da haƙuri yana zancen agogo, su kuwa rowa kawai suka ji. Ranar da aka gan shi a unguwar La Goutte d'Or da buhun shinkafa a kafaɗa yana gangarawa ramin metro, aka sa masa suna mai mota a ƙafa. Na ji kunya, na kuma ji haushi, don ni ma da shi ake kirana a bayan ido.

Ana cikin haka sai ga bikin 'yar amininsa. Tare suka zo ƙasar nan, ɗaki ɗaya suka kwana a farkon zuwansu. Da ciwon ajali ya kama aminin, Alhaji ya riƙe hannunsa ya ce ranar auren yarinyar nan shi zai kai ta ɗakinta a motarsa. Yanzu ta girma, tana aiki a kantin magani, ta kawo wani ɗan Garwa mai kunya. Uwarta ta zo har gida, bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Alhaji, alkawari kaya ne."

Na ce mu yi hayar mota, wa zai sani? Ya ce motarsa ya ce wa mamaci, bai ce motar haya ba. Ya yi kwanaki yana jujjuya maganar, sannan ya shigo da fara'a ya ce ya samo dabara. Ya yi magana da wani ɗan Cadi mai kamyo, wato babbar motar ɗaukar motocin da suka mutu a hanya. Za a ɗora motar a kai, amarya ta shiga ciki, alkawari ya cika, taya ba ta juya ba.

Haka kuwa aka yi. Da yammacin ranar aka kafa wa amarya tsani a ƙofar gidansu a Bobigny, ta hau da leshinta da lulluɓinta. Ni ce mai rakiya, na duƙunƙune a kujerar baya, ɗaurin kaina ya tokare rufi. Alhaji ya zauna gaba cikin babbar riga, ya kama sitiyari da hannu biyu, inji a kashe. Wallahi in ɗan Cadi ya sha kwana, shi ma sai ya murza nasa. A jar wuta wata bas ta tsaya daidai da mu, fasinjojin suka yi ta ɗaukar mu a waya, wata tsohuwar Baturiya ta ɗaga mini hannu da tausayi. Na ja mayafi na rufe fuska, har aka rasa wace ce amaryar.

Da muka isa unguwar ango sai ga ƙarfe an gitta a saman mashigar, irin wanda ake sawa don hana manyan motoci shiga. Kamyo ya tsaya cak. Benen angon kuwa yana can ƙuryar unguwa, muna hango mata sun yi cincirindo suna jira. Amarya ba ta shiga gidan miji a ƙafa, kowa ya san wannan.

Samari suka ce a sauke motar su tura. Alhaji ya leƙo ta taga ya ce turi ma juya taya yake. Suka ce to su ɗauke ta a hannu. Suka taɓa, suka ji nauyi, kowa ya tuna yana da ciwon baya.

Sai amarya ta ɗaga lulluɓi kaɗan ta ce, "Baba, c'est pas grave, ba komai. Zan taka, ba nisa." Ta sunkuya ta cire dogayen takalmanta ta riƙe.

Alhaji ya daɗe yana kallon ta. Daga nan ya ƙwala wa ɗan Cadi kira ya ce, "Sauke motar." Ya juya ga yarinyar ya ce, "Mayar da takalminki. Ubanki bai bar mini ke don ki shiga gidan miji da takalmi a hannu ba."

Ya murza makulli. Ƙarar da ta tashi ta sa tattabaru suka watse, motocin da ke fake suka ɗauki kuka, guɗar mata kuwa bakunansu kawai muke gani. Ya ja ta a hankali. Ni ina leƙe ta kan kafaɗarsa, na ga lambobin nan sun mirgina gaba ɗaya, mil dubu goma ta cika. Shi ko kallon wurin bai yi ba.

A ƙofar bene ya fito, ya zagaya ya buɗe mata, ya kama hannunta ya miƙa wa dangin ango. Da ya dawo sai ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka. Ban san ko amininsa ya tuna ba ko likitan haƙori, ban kuma tambaya ba, don ni ma hawaye nake. Can ya share fuska da hannun riga ya ce, "Hajiya, tunda ta riga ta juya, dawo gaba. Ina kike so in kai ki?"

Na ce, "Kasuwa. Shinkafa ta ƙare."