Safiyar da Aka Jefa Nakiya a Tafkin Su

Abubuwa da yawa sun shige mini, har sunayen wasu da muka yi shekaru muna aiki a ɗaki ɗaya na manta, amma safiyar da aka jefa nakiya a tafkinmu ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ko yanzu da furfura ta gama da kaina, in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

A shekarar da ake ta shirin karɓar mulkin kai ne. Ina saurayi, ban daɗe da samun aikin karanta sanarwa a rediyo a Kano ba. Akwai wani abokin aikina, haifaffen cikin birni, wanda ba ya gajiya da yi mini tsiya a kan Rano. Kullum tambayarsa ɗaya ce: me kuke yi a garinku in an idar da la'asar? Ba silima, ba lantarki, ba kanti na kirki. A ganinsa Rano ba ta kai birni ba, ta kuma wuce ƙauye, saboda haka ta rasa daɗin duka biyun. Ni kuwa nakan ce masa abin da yake kira aibu shi ne daɗin. Muna da yawan da za mu cika fili in ana kokawa, amma ba mu yi yawan da za ka ga fuskar da ba ka san gidansu ba. In ka yi abin dariya da safe a kasuwa, kafin azahar 'yan dara na gindin durumi sun laƙaba maka suna. Da ya ƙi yarda, sai na ce ya bari sai ranar su, wato ranar kamun kifin gayya, zan kai shi ya gani da idonsa.

Akwai wani babban tafki tsakaninmu da Kibiya, kuma kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne Sarkin Ruwansa. Da zarar damina ta ɗauke, sai ya kafa sanda a bakin ruwa ya ɗaura mata kaba. Daga ranar ba mai jefa ƙugiya, ba mai sa koma. Ba ɗan doka da ke gadi, ba tarar da aka yanke. Makiyaya na shayar da shanunsu, mata na wanki, kowa na ganin tarwaɗa tana juyi a gabansa, amma ba mai taɓawa. Haka ake zama har bazara, ruwa ya ja baya, sannan kawu ya sa rana a yi shela a kasuwanni.

Ranar su ba a zaman gida. Mutanen Rano su tsaya a wannan gaɓa, na Kibiya a waccan, ana jefa wa juna baƙar magana ta saman ruwa. 'Yan Rurum da Kahu da Yalwa duk sun hallara. Matan Fulani sun jera ƙorai na nono, masu suya sun kafa murhu suna jiran kifin farko. Liman ya yi addu'a, kawu ya tuge sandarsa, ganga ta tashi, sai kowa ya auka. A cikin taɓon nan ba ka bambanta malamin makaranta da mahauci. Na taɓa ganin gaiwa ta kayar da wani attajiri, rawaninsa ya tafi yana iyo, aka yi shekara ana ba da labari. Ɓangaren da ya fito da kifi mafi girma kuwa, shi ke da bakin magana har wata shekarar.

Mun iso Rano ana jajiberin su, a bayan motar 'yan kasuwa. Abokina ya ga yadda ake ɗinkin koma a kowane zaure, yara na gwada gora a kwatami, ya fara sassautowa. Kawu ya ba shi aron tsohon wando, ya ce masa ɗan birni, kada ka shiga da wannan farin yadin, uwarka ba za ta yafe mini ba.

Da gari ya waye, muna karyawa, muka ji ƙara har sau biyu, ƙasa ta ɗan girgiza. Ba wanda ya damu. Watanni ke nan ana fasa duwatsu da nakiya saboda aikin hanya, mun saba. Muka ɗauki komayenmu muka bi ayari, makaɗa a gaba, ana waƙa ana tsokanar juna.

Waɗanda ke gaba ne suka fara yin shiru, shirun ya biyo baya har ya iso kanmu. Da na kutsa na ga tafkin, sai na ga ya yi fari fat. Kifi ne ya juya ciki sama, daga wannan gaɓa har waccan. Manya da ƙanana, har 'yan mitsi-mitsin da ko yaro ba ya ɗauka, har kwaɗi. A gefe ga motar aikin hanya, leburori na tsince manyan suna zubawa a kwanduna. Sandar kawu na nan tsaye da kabarta, ba wanda ya tuge ta.

Mai kwangilar hanyar yana tsaye a jikin motar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba baƙo ba ne. Ɗan gari ne, a gaban kawu ya girma, shi ma ya sha shiga wannan taɓo yana saurayi. Manyan baƙi ne za su zo masa daga Kano duba aiki, yana so ya yi musu liyafa, shi ne ya aiko aka jefa nakiya.

Kawu ya taka har gabansa. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye shi ko bai ga sanda ba. Alhajin ya yi murmushi, ya ɗan rusuna kamar mai ladabi.

"Baba Sarkin Ruwa, zamani ya canza. Abin da kuke wuni kuna yi a cikin taɓo, na gama muku shi kafin ku karya. Ai taimako na yi."

Kawu ya dube shi ya ce, "Alhaji, wa ya gaya maka yunwa ce take kawo mu nan?"

Na ga idon Alhajin yana zagaya taron, domin mutane sun fara matsowa, samari na gunaguni, 'yan Kibiya a can gaɓa sun ajiye gangunansu suna nuno mu da hannu. Na rantse a lokacin da mutum goma sun tsaya a bayan kawu sun ce ba mai fita da kwando ɗaya, da labarin ya canza. Shi ma Alhajin ya san haka. Sai ya hau matakin mota, ya ɗaga hannu, ya ce shi kwando kaɗan yake bukata, duk sauran ya bayar sadaka, kowa ya ɗiba.

Sadaka. Da kifin da gari biyu suka yi wata da watanni suna haɗiye yawu suna bari.

Sai wani maƙwabcinmu, mutumin da yanzun nan yake rantsuwa sai an kai maganar gaba, ya ce to ai barinsa ya ruɓe ma almubazzaranci ne. Ya naɗe wando ya shiga. Na biyu ya bi shi. Kafin ka ce kwabo an ruɗe, ana ture juna, ana cika koma da riga da hula da mataccen kifi. Ba ganga, ba dariya, sai zage-zage a kan wa ya riga wa. Kawu yana cewa ku dakata, ku dakata, ba mai jin sa. A cikin turmutsitsin aka take sandarsa ta nutse a laka. Ni da abokina muka kama kawu muka fitar da shi gefe. Motar ta tashi ta tafi, ba wanda ya ko waiwaye ta.

Washegari na raka kawu zauren wani babba daga cikin masu faɗa a ji. Muna zaune ƙamshin suyar kifi na fitowa daga cikin gida. Ya saurare mu da kyau, ya jajanta, sannan ya ce ƙara ba ta tafiya da mutum ɗaya, kawu ya kawo magidanta ko da uku ne waɗanda ba a ci kifin a gidansu ba, su tsaya tare da shi. Muka wuni muna bin zauruka. Wannan ya ce a yi haƙuri, wancan ya ce ɗansa na aiki a hanyar, wani ya ce shi bai ci ba amma iyali sun riga sun soya. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Da la'asar sakaliya kawu ya ce mu koma gida, ya isa haka.

Ni da abokina muka koma Kano. Bai sake yi mini tsiya a kan Rano ba har muka rabu da aiki. Da ya ci gaba da tsokanar da ya fi mini sauƙi.

Da damina ta sake ɗaukewa, kawu ya sari sabuwar sanda ya kafa. Ba a yi nisa ba aka fara ganin ƙugiyoyi a cikin ciyawar bakin ruwa. Ba kuma ɓarayi ba ne, mutanen kirki ne da kowa ya sani. Hujjarsu ɗaya: in na bari, wani mai nakiya ne zai zo ya kwashe. 'Yan Kibiya suka aiko cewa tunda ɗan Rano ne ya karya, su ma ba abin da ya ɗaure su. Kafin bazara tafkin ya zama wayam. Kawu ya sa rana duk da haka, ya je da makaɗinsa, suka tarar da masu wanki kawai. Bayan wannan bai sake kafa sanda ba, kuma da ya rasu ba a naɗa wani a madadinsa ba.

An gama hanyar, ta yi kyau, na sha bin ta. Daga baya lantarki ya zo, kantuna suka yawaita, duk abin da abokina ya ce ba mu da shi mun samu. Amma ba a sake yin ranar da gari duka zai shiga ruwa ɗaya yana dariya ba.

Na daɗe ina ɗora wa Alhajin laifin duka, kuma har gobe ban wanke shi ba. Sai dai da girma ya zo na gane cewa nakiyarsa kifin shekara ɗaya ta kashe, tafki kuwa yana sake haihuwa. Abin da bai dawo ba shi ne yardar da ke sa mutum ya ga tarwaɗa a gabansa ya kau da kai, don ya tabbata maƙwabcinsa ma zai kau da nasa. Wannan yardar ita ce daɗin gari irin namu, kuma ba mutum ɗaya ne ya kashe ta ba. Darasin da na ɗauka shi ne, duk ranar da wani ya ɓata abin jama'a ya miƙo maka rabonka, ka duba hannunka da kyau kafin ka karɓa, domin bakinka yake saye.