Sallamar Kaka a Kowane Yanki

Shekarar da na dawo gida daga hidimar ƙasa, ina jin lokacin ɗiban tumatir ne, don na tuna kwanduna jibge a bakin kanal, Kaka ta sa ni ɗaukar muryarta a waya. Gwaggona, autarta, tana aure a Fatakwal, ga ta da tsohon ciki, ba mai zuwa mata daga gida. Kaka na so kafin ta sauka ta ji duk abin da mai jego za ta yi da wanda za ta bari.

Na ajiye wayar kan tabarma na danna. Kaka ta gaida Gwaggo, ta gaida mijinta, ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, aka ce ta matso ta gaisa. Mai kawo mana nono daga ruga ma ta sa baki. Kafin a iso kan kunun kanwa da ruwan wanka, inuwa ta sauya gefe a tsakar gida.

Da na zo turawa, manhajar aika saƙo ta ce ya yi nauyi. Na hau babur zuwa Kura, ko matsalar sabis ce, ashe ba ita ba ce. Na fitar da muryar daga manhajar na kwafa a kwamfuta, na sake kwafa a memori, don ban cika yarda da kaina ba. Sai na ga mafita, a ganina dai: a yanke gaisuwar.

"Ka yanke me?" in ji Kaka. "Kai angon banza, bokon ne ya cinye maka kunya?"

"Ba duka ba, Kaka. Wataƙila kaɗan..."

"Ko ƙyas. In ya so ka yanke kunun."

Na ce to, a raba shi yanki-yanki, a tura a jere. Ta ce, "Kowanne shi kaɗai zai shiga wayarta?"

Na ce kusan haka ne.

"Haka zai faɗa wa mutane ɗaki ba sallama, kamar akuya? Danna mini."

Haka ta yi wa kowane yanki sabuwar sallama, har da ina gajiya da ya jiki, ni kuma na yi ta jonawa ina gumi, ina addu'a kada nauyin ya dawo. Allah ya taimaka suka tafi, na ƙarshen ina tsaye kan gadar kanal, hannuna a sama.

Saƙon ya riga haihuwar isa. Bayan suna Gwaggo ta kira. Ta ce na kunun ta saurara sau ɗaya, amma na farkon kullum sai ta kunna, don har ƙarar injin casar shinkafa tana ji a bayan muryar mai nono.

Kaka ta harare ni. "Ka ji ko, mai almakashi?"