Khal ɗin Baba

Shekara da shekaru Baba ya yi yana aiki a wata gonar inabi a kan dutsen Ɗa'ifa, mu kuwa muna Jidda, unguwar Mahjar, muna shan zafi. Can sama, in ji shi, sanyi ne ke sa inabi zaƙi. Lokacin tsinka yakan sauko da kwali biyu na waɗanda suka farfashe, ya matse a babbar kwalba ya haɗa khal, ruwan tsamin da muke zuba wa salak.

Shekarar da ya rasu, mai gonar ya aiko da kwali biyun kamar kullum. Inabin ƙarshe ke nan daga rassan da Baba ya datse da hannunsa. Na ce ni zan haɗa, ai na sha gani. Na sa kwali ɗaya a firji, na matse ɗaya, kuma saboda kyankyason Mahjar na ɗaure murfin tamau, har da leda.

Kwana takwas na buɗe, sai kumfa ta taso. Umma ta leƙo kicin, ta shaƙa sau ɗaya.

"'Yar nan, giya kika dafa mini a gida?"

Kunya ta kama ni. Na kira abokin aikin Baba, wani dattijo Bahaushen Sudan. Sai da ya gama dariyarsa.

"Ya binti, 'yata, babanki bai taɓa sa murfi ba, ƙyalle yake ɗaurawa ya sha iska. Kuma tun ranar farko yake zuba tsohon khal a kai, don kar ya bi waccan hanya. Wannan kam khalas, ya riga ya lalace, zubar."

Na zubar ina kuka. Saura kwali ɗaya, tsohon khal kuma a sanina ya ƙare tuntuni.

Umma ta shiga ɗaki, ta fito da 'yar kwalba naɗe a rigar Baba. Ragowar na bara ne, ta ɓoye.

"Na ce ba mai taɓa ta," in ji ta. "To, matse."

Ita ta tsiyaya da kanta, duka.

Bayan wata biyu ya yi tsami sosai. Umma ta ɗanɗana, ta ce bai kai nasa ba, ta ƙara cokali. Tun daga nan duk shekara nakan rage kwalba guda don na baɗi, don haka har yau akwai hannun Baba a salak ɗinmu.